Me Ya Sa "Gyara Zamanka" Ba Ya Gyara Kowa: Yadda Malaman Dabarar Alexander Ke Koyar da Zama da Tashi

Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban aji ya san abin da ke biyo bayan tsawar "ku gyara zama!" Yara su zabura, su banƙaro ƙirji, su ja kafaɗu baya, su ɗage haɓa. Kafin malam ya gama rubuta layi biyu a allo, kowa ya langaɓe ya koma gidan jiya. Akan ce ƙiwuya ce, alhali abin daga tsoka yake. Yaron da ya ranƙwafa a benci yana da tsokokin da suka saba jan jikinsa ƙasa. Da aka daka masa tsawa bai saki ko ɗaya daga cikinsu ba, sai ma ya ƙaro manyan tsokokin baya da na kafaɗa don su ja shi sama. Ja biyu ke nan a jiki ɗaya, kowanne na adawa da ɗan'uwansa. Ba mai iya riƙe wannan na tsawon darasi, kuma da gajiya ta zo tsohon hali ne ke cin nasara.

Akwai wata hanyar koyarwa da aka gina kacokan a kan wannan matsala, ana kiranta dabarar Alexander. Malamanta sun fi yawa a Birtaniya, Amurka, Jamus, Suwizalan da Ostiraliya, kuma manyan makarantun kiɗa da wasan kwaikwayo a Landan da New York sun daɗe da sanya ta cikin darussansu. Abin da ya sa ta cancanci sharhi shi ne, ba ta koya wa ɗalibi wani fasalin tsayuwa da zai riƙe. Aikinta shi ne ta nuna masa abin da yake yi wa kansa, sannan ta koya masa dainawa.

Frederick Matthias Alexander ɗan tsibirin Tasmaniya ne a Ostiraliya, an haife shi a 1869. Sana'arsa karanta wasannin Shakespeare a gaban jama'a, sai muryarsa ta riƙa dushewa a tsakiyar wasa. Likitoci suka ce ya huta. In ya huta murya ta dawo, in ya hau dandali ta sake tafiya. Daga nan ya yanke cewa lallai wani abu ne yake yi yayin karatun. Ya kafa madubi yana kallon kansa, ya ga abu uku suna faruwa da zarar ya yi niyyar buɗe baki: yana jan kansa baya ya danne shi a kan wuya, yana matse maƙogwaro, yana zuƙar iska ta baki da ƙara. Ganin laifin bai ba shi wuya ba. Inda ya sha mamaki shi ne wajen gyara. Ya ƙara madubai biyu a gefe, sai suka nuna masa cewa a daidai lokacin da yake ji a jikinsa ya kai kansa gaba, baya yake jan sa kamar kullum.

A nan ginshiƙin koyarwar yake. Jin da mutum ke yi na inda gaɓoɓinsa suke yana bin sabo ne. Wanda ya shekara goma yana tsayuwa da ƙugu a ture gaba da kafaɗu a baya, in malam ya daidaita shi zai rantse cewa faɗuwa zai yi ta fuska. Wanda kansa ya karkace hagu, in aka miƙar masa zai ji an karkata shi dama. To wanda ma'auninsa ya goce, in aka ce masa "yi daidai", da wane ma'auni zai auna? Da wannan gocaccen dai. Shi ya sa malamin wannan fanni ke koyarwa da hannu, ɗalibi ɗaya a lokaci ɗaya, domin ɗalibin ya ɗanɗani motsin da bai taɓa yi ba kafin a nemi ya yi shi da kansa. Alexander ya koma Landan a 1904, ya buɗe ajin horar da malamai a 1931, ya rasu a 1955. Ƙungiyar malaman da aka kafa a Birtaniya a 1958 ta amince da horo na shekara uku, awa 1,600, kuma akasarin awannin nan a kan jikin mai koyon kansa suke tafiya, don hannun da ke a ƙage ba ya koya wa wani saki.

Darasi kan ɗauki minti 30 zuwa 45. Kayan aikin kujera ce mai tauri wadda ba ta da hannu, da tebur mai shimfiɗa, da 'yan littattafai, wani lokaci da madubi. Ba a tuɓe kaya, ba a tausa, ba a ƙwanƙwasa ƙashi.

Abu na farko da malami kan gyara shi ne taswirar jiki da ɗalibi ke ɗauke da ita a kansa. Tambayi mutum goma inda kai ya haɗu da wuya, yawancinsu ƙasan ƙeya za su nuna, wajen wuyan riga. Gaɓar tana can sama. Sa yatsa a ramin da ke bayan kowane kunne, ka yi tunanin layin da ya haɗa yatsun biyu: a wajen wannan layi ƙoƙon kai ya zauna a kan ƙashin wuya na farko cikin bakwai. Kan babban mutum ya kai kilo 4 zuwa 5, kuma rinjayen nauyinsa yana gaban wannan gaɓa. Ma'ana, in aka bar shi, kai zai ɗan rusuna gaba da kansa, kamar yadda ake gani ga mai gyangyaɗi. Tsokokin ƙeya ne ke tare shi. In suka yi aiki daidai gwargwado, kai na lilo a saman ƙashin baya cikin sauƙi. In suka wuce gona da iri sai su gajarce, su jawo ƙeya ƙasa, haɓa ta tura gaba, nauyin ya danne ƙasusuwan wuya, ƙirji ya faɗa ko kuma kwankwaso ya gantsare don ramawa. Wannan shi ne fasalin mutumin da ya firgita da ƙarar faɗuwar wani abu, kuma Frank Pierce Jones na Jami'ar Tufts a Amurka ya nuna da hotuna da na'urar auna aikin tsoka cewa daga wuya firgitar ke farawa. Mutane da yawa suna yawo da ɗan guntun wannan firgita a jikinsu yini guda.

Gaɓa ta biyu da ake ɓatarwa ita ce ta kwatangwalo. Mutane na ɗauka inda ake ɗaura zani ko mazagin wando nan ne jiki ke lanƙwasa. Babu gaɓar lanƙwasa a wurin, ƙashin baya ne kawai. Gaɓar gaskiya tana ƙasa, a lanƙwasar da ke tsakanin mara da cinya. Mai yin ruku'u yadda ya kamata, baya a shimfiɗe ba doro, daga wannan gaɓa yake karyewa, amma shi ɗin dai in zai ɗauki bokiti sai ya lanƙwasa gadon baya. Sai kuma ƙasusuwan zama guda biyu da ke ƙarƙashin mazaunai. Zauna a kujera mai tauri ka cusa tafukan hannu ƙarƙashinka, za ka ji su. Langaɓe, za ka ji sun zame gaba ka koma kan bayansu. Banƙare, za ka ji ka haye gabansu. A kansu ake son nauyi ya sauka.

Yanzu ga kujera. Ɗalibi na zaune, malam na tsaye a gefensa, hannu ɗaya a ƙeya inda kai ya haɗu da wuya, ɗayan a ƙarƙashin haɓa ko a gadon baya. Taɓawar ba ta da nauyi. Malam ya ce: "Zan ce ka tashi, amma kada ka tashi." Sannan ya ce: "Tashi." Ɗalibi bai motsa daga kujera ba, amma a ƙarƙashin hannun malam ƙeya ta riga ta ɗaure, numfashi ya tsaya, cinyoyi sun matse, yatsun ƙafa sun kama ƙasa. Jin kalmar kaɗai ya tayar da dukan shirin da jiki ya saba. Wannan ɗan taƙin da ke tsakanin jin umarni da yunƙurawa, nan ne darasin yake. In aka bari ya wuce, sauran motsin ya riga ya lalace, duk gyaran da za a yi a tsakiyar tashi faci ne.

Don haka matakin farko shi ne ƙin amsawa nan take. Ba sandarewa ake nufi ba, kuma nan ne sababbin ɗalibai ke yawan ɓata: su riƙe numfashi, su kafe ido, su ce sun tsaya. Wanda ya tsaya da gaske idonsa na ganin ɗaki, numfashinsa na tafiya, niyyar tashi ce kawai ya ajiye.

Mataki na biyu shi ne aika wa jiki saƙo a zuci, bi da bi: wuya ya saki, domin kai ya tafi gaba da sama, domin baya ya tsawaita ya faɗaɗa, gwiwoyi su nufi gaba suna nesa da juna. Tsarin jerin na da dalili, kowanne sharaɗi ne ga na bayansa. Kuma tunani ne, ba a aikata shi da tsoka. "Gaba" a nan ita ce ɗan rusunawar nan da kai ke yi a gaɓar tsakanin kunnuwa in ƙeya ta saki, abin da bai fi kaurin yatsa ba. Ɗalibin da ya ji "gaba" ya miƙa wuya kamar mai leƙen taga ya ɓata. Wanda ya ji "sama" ya shiga jan wuyansa yana cusa haɓa a maƙogwaro shi ma ya ɓata, ya ma fi na farko ƙagewa. Malam kan gane da hannu tun kafin ido ya gani, ya ce: "Kana yi ne. Bar yi, ka yi fata kawai."

Mataki na uku shi ne motsin kansa. A jawo ƙafafu baya kaɗan har dunduniya ta zo ƙarƙashin gaban kujera, tazarar ƙafafun daidai faɗin kwatangwalo. Gangar jiki ta karkato gaba daga gaɓar kwatangwalo, kai da wuya da baya suna tafiya tare ba tare da wani ya karye daga layin ba. Ana ci gaba da karkatowa har nauyi ya bar mazaunai ya sauka a tafin ƙafa, sannan dunduniya ta taka ƙasa, gwiwa da kwatangwalo su miƙe. Kuskuren da aka fi yi shi ne neman tashi tun nauyi bai iso kan ƙafa ba. Tunda jiki ba zai tashi a haka ba, sai mutum ya cike giɓin da fizga: ya wurga ƙirji gaba, ya jefa kai baya, ya dafa cinya, gwiwoyi su faɗo ciki. Gwaji mai sauƙi shi ne a tashi a hankali ana ƙirga takwas. Mai fizga zai maƙale a tsakiya, ya rasa yadda zai yi sai ya zabura. Wajen zama kuwa akasin haka ne: mutum ya miƙa mazaunai yana laluben kujera, ya ɗage haɓa, ya saki jiki ya faɗa a ƙarshen tafiya. Malam kan ce a manta da kujerar, a lanƙwasa gwiwa da kwatangwalo da idon sawu kawai, kujera za ta tare ka.

Akwai wata hikima da Alexander ya yi amfani da ita a kansa, malamai kuma suka gada. Bayan an tsaya an aika saƙonni, a daidai gaɓar motsi sai a sake zaɓe cikin uku: ko a fasa gaba ɗaya, ko a yi wani abu dabam kamar ɗaga hannu, ko a tashi ɗin. Muddin jiki ya tabbata tashi za a yi, zai shirya ta tsohuwar hanya a ɓoye. In bai tabbata ba, shirin ba ya samun wurin kamawa. Malami mai gwaninta kan yi wasa da wannan: ya karkato da ɗalibi gaba sau uku yana mayar da shi, a na huɗu ɗalibi ya tsinci kansa a tsaye bai san lokacin da ya tashi ba. Yawanci abin da ke fitowa daga bakinsa shi ne, "Malam, ai kai ka ɗaga ni." Ba a ɗaga shi ba. Rashin jin yunƙurin da ya saba ne ya sa ya ɗauka ba shi ya yi aikin ba.

Babban abokin gabar darasin shi ne ɗokin a yi daidai. Ɗalibi mai son burge malam ya fi kowa wahalar koyarwa, domin hankalinsa na kan sakamako, kuma hanyar da ya sani ta kaiwa ga sakamako ita ce tsohuwar. Shi ya sa malaman kirki ba sa yawan cewa "yawwa, haka ne!" Da an faɗa, ɗalibi zai kama fasalin da yake ciki ya riƙe gam, gobe ya dawo da shi a sandare.

Rabin darasi na biyu a kwance ake yin sa, kuma shi ne aikin gida. A kwanta rigingine a wuri mai tauri, tabarma ko darduma a ƙasa, ban da katifa. A sa littattafai ƙarƙashin kai, a ƙashin ƙeya, kada su taɓa wuya. Tsayinsu ya danganta da mutum, galibi santimita 4 zuwa 8. In sun yi kaɗan haɓa za ta ɗage sama, goshi ya koma baya. In sun yi yawa maƙogwaro zai matse, haɗiyar yawu ta yi nauyi. A tada gwiwoyi suna kallon rufi, tafin ƙafa a ƙasa, tazararsu faɗin kafaɗa, hannuwa a kan ƙananan haƙarƙari, gwiwar hannu a baje gefe. Minti 10 zuwa 20, ido a buɗe, ana maimaita saƙonnin nan. Kada a danna kwankwaso ƙasa don ya taɓa tabarma, zai sauka da kansa gwargwadon sakin tsoka. In gwiwoyi na faɗuwa waje a ɗan buɗa ƙafafu, in suna faɗowa ciki a matso da su. Wajen tashi a mirgina gefe, a bi ta rarrafe, kada a fizgo kai gaba. Mace mai tsohon ciki ba ta daɗewa a rigingine, sai ta kwanta ta gefe.

Daga nan ake kai abin cikin aikin yau da kullum: tsayuwa da gwiwa a ɗan lanƙwashe da gangar jiki a karkace daga kwatangwalo don wanki ko ɗaukar kaya, riƙon alƙalami ba tare da kafaɗa ta hau kunne ba, ɗago waya zuwa ido maimakon kai ido wurin waya.

Shin tana aiki? A ciwon baya akwai hujja mai ƙarfi. A 2008 mujallar likitoci ta BMJ ta buga gwajin da Farfesa Paul Little na Jami'ar Southampton ya jagoranta a kan mutum 579 masu daɗaɗɗen ciwon baya. Bayan shekara guda, waɗanda suka tsaya a kulawar likita ta yau da kullum sun ba da rahoton kwana 21 na ciwo cikin mako huɗu, waɗanda suka yi darasi 24 kuwa kwana 3. Darasi 6 da aka biyo da motsa jiki, galibi tafiya a ƙafa, sun ba da kusan kashi 70 cikin ɗari na amfanin darasi 24. A 2015 wani gwaji daga Jami'ar York a kan mutum 517 masu ciwon wuya ya sami raguwar ciwon da kashi 31 cikin ɗari ga masu darasi, da kashi 23 ga masu kulawar yau da kullum. Tazarar nan ba ta kai ta gwajin ciwon baya ba. Dole kuma a tuna cewa a irin wannan gwaji ba a iya ɓoye wa mutum ko ya yi darasi ko bai yi ba, kuma zama sau 24 da wanda ya ba ka dukan hankalinsa shi ma yana da nasa tasirin. Iƙirarin da Alexander da wasu mabiyansa suka yi game da asma da sauran cututtuka ya zarce hujja. Binciken zamani ma bai sami wani fasalin zama guda da ke hana ciwo ba. Akwai masu doro da ba su san ciwon baya ba, akwai miƙaƙƙu sambal da ke fama. Wannan bai rushe dabarar ba, don tun asali ba fasali take koyarwa ba, amma ya rushe tallar masu sayar da ita a matsayin maganin "mummunar tsayuwa".

Malamin aji mai yara sittin ba zai iya aikin hannu ba, kuma bai kamata ya gwada jan wuyan kowa ba tare da horo ba. Ko masu horon sai sun nemi izini kafin su taɓa, kuma a wurinmu ɗaliba mace malama mace ta dace da ita. Amma akwai abin ɗauka. A daina tsawar gyara zama, a maye ta da tambaya: "Ina ƙafafunku? Suna ƙasa?" A duba benci tukuna, don yaron da ƙafarsa ke reto ba shi da abin dogara sai ya naɗe ta a ƙafar benci ko ya kwanta a tebur, kuma bulo ko katako a ƙarƙashin ƙafa ya wadatar. Tebur ya zo daidai gwiwar hannu in yaro na zaune. A tashe su su motsa duk bayan minti 20 zuwa 30. Jakar makaranta kada ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin yaro, kuma a rataya ta a kafaɗu biyu. Yaron da ke manna fuska a littafi ko yake ɗage haɓa yana ƙanƙance ido wajen kallon allo, a fara gwada idonsa.

Wajibi ne kuma malami ya san abin da ba sabo ba ne. Yaro mai sikila da ya fara ɗingishi yana kukan kwatangwalo ko gwiwa, mai yiwuwa kan ƙashin cinyarsa ne jini ya daina isa. Ƙusumbi mai tsini a wuri ɗaya a gadon baya, tare da zazzaɓin dare da rama, alama ce ta tarin fuka na ƙashin baya. Ƙafafun da suka gwame ko suka baƙe tare da kumburin wuyan hannu a ƙaramin yaro na nuna ƙarancin sinadarin ƙashi a abinci. Yarinya mai shekara 10 zuwa 14 da kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, a sa ta sunkuya gaba hannuwa na reto, malama ta duba daga baya: in haƙarƙarin gefe ɗaya ya taso, ƙashin bayan ne ya murɗe. Haka ciwon baya da ya zo da mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, ko wanda ke tayar da mutum daga barci kowane dare. Duk waɗannan asibiti za a kai su, na kasa riƙe fitsarin kuwa a ranar.